Wanda Zai Riƙe Mugi

Ƙanena Morihide,

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da tsibirinmu Miyako. Ya Inna da ƙafarta? Ya yara? Allah ya raya su. Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi.

Na karɓo wata tsohuwar karya, Mugi, daga masu ceton dabbobi a nan Osaka, riƙon gwaji. Da farko ko abinci ba ta ci sai na fita. Yanzu a kan takalman aikina take kwana.

Jiya shugabarsu, Uwargida Hirota, ta zo duba ɗakina. Ta ce, "Baba, ka haura sittin, kuma kai kaɗai ne. In ka faɗi, wa zai riƙe ta? Ka samo ɗan'uwa ya yi alkawari, ko mu karɓe ta ƙarshen wata." Na ce, "To ni wa zai riƙe ni?" Ko murmushi ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba, a ɗakin mamaci suka tsinci Mugi.

Ban taɓa roƙonka komai ba, har rufin gidan da kake ciki ni na yi. In matar ta buga maka waya, ka amsa mata kawai cewa za ka riƙe Mugi. Mugi ba za ta ci naka ba. Na tara yen dubu ɗari huɗu, kuɗin abincinta ne da na jirginta zuwa wurinka in na faɗi.

Yayanka,
Seikichi