Ruwan Tekun da Inna Ta Shafa a Gwiwa

Dutse, Jihar Jigawa

Zuwa ga ƙanwata Halimatussa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya a Kalaba, Allah ya ƙara basira, ya kare ki daga sharrin ruwa da na tudu. Mu nan lafiya lau. Baba Malam yana nan da ɗalibansa a Jahun, gero ya yi kyau bana, 'yata Maijidda kuma ta fara tafiya, ba abin da ta bari a inda aka ajiye shi.

Saƙonki ya iso, amma sai da ya sha wuya. Kwalbar ruwan tekun da kika ba Fa'izu ya kawo mini don in nuna wa ɗalibaina, gidan Baba Malam ya kai ta, bai faɗi ko ta wace ce ba ya wuce. Ke kuma kin ɗiga aidin a ciki don ƙananan halittun da ke cikin ruwan kada su lalace, ruwan ya yi ja-ja-ja. To, a gidanmu ruwa mai wannan kala a kwalba sunansa rubutu. Inna ta ce 'yarta ta tuna da ciwon gwiwarta, ta samo mata taimako wurin malaman can. Allah ya sa ta ji warin bai yi mata ba, ba ta sha ba, sai dai ta riƙa shafawa safe da yamma, har ta sam wa Ya Fanna. Da na je na tarar saura ɗan guntu a gindi, na yi faɗa har Baba Malam ya leƙo. Inna ta ce ita dai gwiwa ta yi sauƙi, kuma kowa ya san hannun Halima da albarka.

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai, kuma ba zan ɓoye miki ba, kishinki nake yi. Ni na fara ɗora idonki a kan makiroskof, madubin ganin ƙananan halittu, da ruwan kududdufin bayan gidanmu, kina ihu wai kin ga abu yana motsi. Ni na gaya miki sunansu dayatom, tsirrai ne ƙanana masu ɓawo irin na gilashi. Yau ke ce a cikin kwalekwale kina ɗibar ruwa a bakin teku, kina rubuto mini wai da damina sun fi yawa saboda abin da kogi ke kwasowa. Ni kuwa kullum ina hanyar makarantarmu a Kiyawa, ina zana su da alli daga littafi. Ko a gidan biki, ba wanda ke tambayata aikina, sai dai yaya mutuniyar teku.

Guntun nan na kai makaranta ba tare da na sa rai ba. Ashe dayatom ɗin duk sun kwanta a ƙasan kwalbar, Inna ruwan sama kawai ta kwashe. Na ɗiga ɗigo ɗaya na duba, Halima, sai da na nemi kujera. Wasu kamar faifai, wasu sun jeru kamar sarƙa, wasu sirara masu ƙaya, iri-iri har na kasa bin su, alhali a kududdufinmu 'yan iri kaɗan muke gani. Ɗalibai suka yi layi suna turereniya. Wata Ruwaida ta tambaye ni ko tekun yana da ƙara kamar yadda ake faɗa. Shekarun nan duka ina koyar da shi, ban taɓa jin ko ƙamshinsa ba.

Don haka kada ki sake aiko mini da kwalba. Na yi magana da baban Maijidda, ya amince, hutun ƙarshen zango ina tafe. Ki nema mini wuri a kwalekwalen nan, ko a kan jarkoki ne zan zauna, da hannuna nake so in ɗebo nawa.

Inna da Baba Malam suna sa miki albarka, Ya Fanna da Huzaifa suna gaishe ki. Ki gaida abokan aikinki. Allah ya sada mu da alheri.

Taki yayarki,
Shamsiyya