Takardun da Ba a Zubarwa

Rosario, 3 ga Mayu, 1987

Abokina Natalio,

Gaisuwa mai yawa, ya ciwon gwiwa? 'Yarka Perla ta biyo ta cocinmu jiya, ta tona maka asiri. Wai tana haɗa maka kaya za ka dawo wurinta da zama, sai ga wasiƙuna cike da akwati, naɗe cikin farin ƙyalle.

Shekara talatin ina rubuto maka cewa Elohim, sunan Allah a Ibrananci, shi kansa yana nuna Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kana cewa Ubangiji ɗaya ne tal, in koma makaranta. Ashe maganar tana shigarka, tsohon banza! Yau har ƙarin abinci na nema.

Naka,
Fasto Eusebio

Moisés Ville, 12 ga Mayu

Eusebio,

Ina gaisuwa, gwiwa da sauƙi. Rage murna. Tun da ka koyi Ibrananci kake zana Sunan Allah ɗin nan mai harafi huɗu a wasiƙunka kamar lambar gida. Mu Yahudawa ko furta shi ba ma yi, Adonai muke cewa. Takardar da ke ɗauke da shi ba a yagawa, ba a zubarwa, binne ta ake yi a maƙabarta tare da tsofaffin littattafan addu'a. Ɗakin da Perla ta ba ni ƙarami ne. Ranar Lahadi za mu binne wasiƙun.

Har yanzu Ubangiji ɗaya ne. Ka gaida uwargida Ofelia.
Natalio

Rosario, 20 ga Mayu

Natalio,

Na gaishe ka. Wasiƙarka ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ba don gardamar Uba da Ɗa da Ruhu ba, na saba da taurin kanka. Na ɗauka don ni ka adana su. A cikinsu na ba ka labarin rasuwar ɗana tun kafin in iya faɗa wa kowa. Ashe nauyi na ɗora maka, ka yi shiru. Ka yafe mini. In ka fi son in daina rubutowa, faɗa mini.

Allah ya tsare ka,
Eusebio

Moisés Ville, 1 ga Yuni

Eusebio,

Gaisuwa, sarkin fushi. Kafin Lahadin na zauna na duba wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, ni kaina na ji kunya. Goma sha ɗaya ne kacal ke da Sunan. Su muka binne, kusa da kabarin babana.

Sauran ɗari biyu da 'yan kai, babu dokar da ta hana ni zubar da su. Na ba maƙwabci kujerar hutawata don akwatin ya sami wuri a ɗakin da Perla ta ba ni.

Ka huta lafiya,
Natalio