Na janye matata daga asibitin da na ba wayar auna zafi ta kuskure

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mazaunin Unguwar Rogo ne a nan Sakkwato. Ina aiki a wani ɗakin gwaji inda ake kawo na'urorin auna zafi mu tabbatar suna faɗin gaskiya. Akwai wata waya da muke ce wa tamokopul, ita ake cusawa cikin injin ta ji zafi ta kai wa mita. Iri-iri ce, kamarsu ɗaya, launin rigar wayar ne ke raba su. Samfurin K kore ne, samfurin T ruwan ƙasa. To ni tun ina ƙarami idona ba ya raba kore da ruwan ƙasa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har Alhaji mai wurin, aminin marigayi mahaifina, wanda ya ɗauke ni aiki ba don na fi kowa ba. Dabarata ita ce ɗan maganaɗisu da nake yawo da shi a aljihu, domin ƙafa ɗaya ta K tana kama shi, T kuwa ba ta kamawa. Da shi nake rufa wa kaina asiri.

Kwanakin baya shugabar ma'aikatan jinya ta wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke wajen Ƙofar Rini ta zo a gaggauce, wai wayar injin da suke turara kayan tiyata ta mutu. Alhaji ya ce mini, "Jawo aljihun teburin can ka ɗauko koriya, ka gwada ka ba Hajiya." Waɗanda ke ciki irin masu arha ne, babu harafi a jikinsu. Su biyun suna tsaye a kaina, ta yaya zan fito da maganaɗisu ba a tambaye ni dalili ba? Sai na yi bismilla na ɗauki ɗaya. Na tsoma ta cikin ƙanƙara ta nuna daidai, alhali na san a sanyi K da T kusan abu guda suke nunawa, sai an hau zafi suke rabuwa. An ɗauke wuta, murhun gwajinmu a kashe, ba halin gwada ta a zafi, Hajiya tana ta duba agogo. Alhaji ya ce, "Ta yi?" Wallahi da bakina na ce, "Ta yi, Baba."

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya nemi T ɗaya tilo da muke da ita aka rasa. Da kowa ya fita salla na bi sauran wayoyin da maganaɗisu, duk suka kama. Ma'ana koriyar da ya kamata ta tafi tana nan, T ɗin ce na ba asibiti. Mitar injinsu ta K ce, idan aka haɗa mata T za ta riƙa nuna zafin da bai kai ba. Za su ga lamba ta cika su kashe injin, su ɗauki almakashi da wuƙa su tsaga cikin 'yar mutane, alhali mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ba su gama mutuwa ba. Shi kuwa Alhaji sai ya ɗora ɓatan wayar a kan abokin aikina Sanusi, ya yi masa tatas a gaban kowa. Sanusi ya juyo ya ce mini, "Kai ka san ban taɓa ta ba, ko?" Na sunkuyar da kai kamar ina gyaran wani abu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. Matata tana da tsohon ciki, kuma a asibitin nan take awo, likita ma ya ce wataƙila sai an yi mata aiki. Na koma gida na ce daga yau ta daina zuwa can. Ta ce, "Mi suka yi muna? Can na haihi Khalifa lahiya lau." Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Sai ta ce, "To ƙawata Rabi hwa? Ita ma can za a yi mata aiki, in ce ta bari?" Na fice waje. Wane irin mutum ne zai tsame tasa matar ya bar na mutane? Ran matata ya fi na Rabi ne a wurin Allah?

Na gwada gyarawa a ɓoye. Na sa koriyar a aljihu na je asibitin, na ce duba injin na zo yi. Hajiya ta tarbe ni da fara'a, ta ce injiniyansu ya riga ya ɗaure wayar a ciki, ba a buɗewa sai da shi, bari ta kira Alhaji ta ji. Na ce ta bari zan dawo, na fito kamar ɓarawo. A bakin ƙofa na wuce wani mutum yana zaune a kan benci riƙe da kwanon abinci, yana jiran a fito da matarsa daga tiyata. Har sannu ya yi mini.

Ban ji labarin wata ta kamu da ciwo ba, amma ta ina zan ji? In na faɗa wa Alhaji, zai gane tun ranar farko na ɓoye masa lalurar idona, zai tuna duk aikin da ya bi ta hannuna, sunan wurinsa zai ɓaci, ni kuma babu mai sake ɗaukata a wannan sana'a, ga haihuwa a gabana. In na yi shiru, injin yana can yana aiki kullum, Sanusi yana ɗauke da laifina, ranar Rabi kuma tana matsowa. Abinci ba ya shiga, salla ma sai in rasa raka'a nawa na yi.

Jama'a ku taimake ni don girman Allah. Alhaji zan fara tunkara, ko Hajiya, ko matata? Me zan yi?