Inna, shirunki yarda ne ko fushi?

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ta kamaci ƴa ga uwarta, tare da fatan Allah ya sa makwancinki wurin hutu ne. Mu nan Lyon lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma sai ƙanwata Hadiza ta karanta miki, kuma da jin daga wajena ta fito za ki ce a ajiye sai an gama aiki. Waɗanda za su gani su yi mini haƙuri, da uwata nake magana.

Ranar Asabar mai zuwa zan hau jirgin ƙasa zuwa Paris, in sake zama jarrabawar shiga makarantar lauyoyi. Bara na zauna, na faɗi. Ba zan ɓoye miki ba, hankalina a tashe yake, kuma tsoron faɗuwa shi ne ƙarami a cikin abin da ke damuna.

Bari in gaya miki abin da ya kayar da ni, don ke ma kina da hannu a ciki. Akwai wani sashe da ake ba mutum rubutun wani masani ya karanta, sannan a tambaye shi: mai rubutun nan, yaya yake ji game da abin da yake magana a kai? Yana goyon baya ne, yana suka ne, yana shakka ne, ko ko oho ne? Sai ka zaɓi ɗaya. Ni da na taso a gidanki, na ɗauka nan ne zan cinye maki ba wahala. Wa ya fi ni iya karanta abin da ke cikin ran mutum bai faɗa ba?

Bayan na faɗi, na shiga ajin share fage a unguwar Guillotière, wajen wata tsohuwar malama da muke ce wa Madam kawai. Ita ta gano ciwona. Ta ba mu rubutun wani da ya kwatanta dokoki biyu na haya. Ta farko ya lissafa abin da ke cikinta a bushe, ya wuce. Ta biyu ya yi ta yabonta. Da aka tambayi ra'ayinsa kan ta farko, na zaɓi cewa ita ce ke ransa. Madam ta ce in nuna mata hujja a cikin rubutun. Na ce ai shirun da ya yi a kanta shi ne hujja, mutum ba ya yabon nasa a bainar jama'a. Ajin ya kwashe da dariya. Ni kuwa na ji haushi, don a ganina su ne ba su da tarbiyya.

Da ta duba takarduna na baya, duk kuskurena iri ɗaya ne. Duk inda marubuci ya yi sanyi da abu, sai in ce ƙaunarsa yake. To ina na koyo wannan in ba wajenki ba?

Ni ce ta farinki, kuma kin riƙe kunyar ɗan fari yadda matan Damagaram na da suke riƙe ta. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ni ce "waccan", ni ce "yarinyar nan". Ƙannena su hau cinyarki, ni ina ɗakin Kaka.

Ranar da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito, na shigo gida da gudu, maƙwabta na guɗa. Kina tankaɗe, ba ki ko ɗago kai ba. Kika ce wa Hadiza ta gaya wa waccan ta kwashe takalmanta daga hanya. Da yamma sai ga dambun zogale da mai har yana ƙyalli, abin da ni kaɗai ke so a gidan nan, kuma kowa ya san ke ba ki son wahalarsa. Na ci ina dariya a raina.

Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni, Kaka ce ke shafa mini ruwa. Ke ba ki shigo ba. Amma ta ƙarƙashin labule ina hango ƙafafunki da jan lallen nan, sun daɗe ba su motsa ba.

Haka na girma, na san in kin kau da kai, ina ranki ke nan. Ban taɓa shakka ba, Inna, ko sau ɗaya, sai da na haɗu da Madam.

Ta koya mana mu bi rubutu da biro, mu ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ke nuna zuciyar mai shi: inda ya ce "abin takaici", inda ya ce "sai dai", inda ya ce "da kyau". Abin da take yawan faɗi shi ne, "Abin da ba a rubuta ba, ba naki ba ne, kada ki saka wa mutum magana a baki." Na yi ta gardama da ita a raina, amma na bi, kuma yanzu da wuya in kuskure irin tambayar nan. Har tana nuna takardata ga sababbin ɗalibai. Ya kamata in yi murna. Sai dai abin ya bi ni har gida, na juya biron a kanki.

Kin tuna alkawarin da aka yi kafin in taho: in gama digiri na farko in koma. Da na gama, sai na ga lauya nake so in zama, wanda ke nufin ƙarin shekaru a ƙasar mutane. Ina Paris lokacin, na shiga wani shagon buga waya a unguwar Goutte d'Or, cikin ɗan akurkin katakon nan da mutum ba ya iya miƙe hannu, na kira wayar Hadiza na ce ta ba ki. Na gaishe ki, kika amsa a gajarce kamar kullum. Na faɗa miki abin da nake so. Kika yi shiru, ina jin numfashinki da kukan awaki a bayanki. Can sai muryar Hadiza, wai kin miƙa mata wayar kin shiga ɗaki.

Na fito shagon nan da fara'a. Na gaya wa kowa Inna ta yarda. Damina ta gaba Allah ya ɗauke ki, kafin in iso an riga an kai ki.

Yanzu ina komawa kan wayar nan, ina neman inda zan ja layi, babu. A da in kin yi shiru, dambu kan biyo baya, ko in hango ƙafafunki. A wannan karon ina nesa, ban ga abin da ya biyo baya ba. Na tambayi Hadiza, ta ce kin fito bayan la'asar kin ci gaba da aikinki, ita ba ta lura da komai ba. Hadiza dai kin san ta, ko gobara ake yi sai an taɓa ta.

Watan jiya na ji Hajiya Mariyama, aminiyarki, ta zo sarin kaya a Aubervilliers, ta sauka wajen ɗanta a Montreuil, duk a gefen Paris. Ita ce ke riƙe da hannunki a kwanakin ƙarshe, don haka na je takanas. Bayan gaisuwa da ta'aziyyar da muka sake yi wa juna, na yi abin da ban taɓa yi wa babba ba, na tambaye ta kai tsaye ko kin ambace ni. Ta dube ni kamar na shigo mata ɗaki da takalmi. Ta ce kin kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kin bar wa kowa saƙo, ni ba ki ce komai ba. Sai ta ƙara da cewa, "Ramatu, so kike ta zubar da kunyarta a bakin mutuwa?"

Na ji sanyi ya ratsa ni, har na fara hamdala. Da na tsaya nan da na huta. Amma bakin nan nawa da aka koya wa neman hujja ya sake tambaya, to in da fushi kike da ni fa, yaya za ki yi? Hajiya ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Ta ce, "Haka za ta yi. Ni ban shiga zuciyarta ba, ƴar nan."

Na yi kuka a cikin jirgin metro har wata Baturiya ta miƙo mini hankici.

Wannan shi ne abin da ke cina. In da yardarki na zauna, ko sau nawa zan faɗi zan tashi in sake. In kuwa ba ki yarda ba, to me nake nema a nan, wace albarka karatun zai yi? Kawu Sani ya ce in tattara in dawo, aiki ba ya ƙarewa a gida. Wani lokaci har in jawo akwati, sai in tuna ko na koma ba ke zan tarar ba. Ina fushi da Madam da ta buɗe mini ido. Ina ɗan fushi da ke ma, Allah ya yafe mini, kalma ɗaya tak da ta ishe ni. Kuma ina kewarki, Innata, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Ranar Asabar zan shiga. Zan amsa musu yadda suke so, abin da ke kan takarda kawai. Amma taki tambayar zan amsa ta yadda kika rene ni: na zaɓi cewa kin yarda. Ba ni da hujja, kuma babu wanda ya rage a duniya da zai duba mini wannan amsa ya ce daidai ce ko kuskure. Haka zan ɗauke ta har mu haɗu.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. In na fahimce ki daidai, Allah ya sa albarkarki ta bi ni cikin ɗakin jarrabawa. In kuma na saka miki magana a baki ne, ki yafe mini, ranar da muka gamu ki faɗa mini da bakinki, ko da ta hannun Hadiza ne.

Wassalam.

Ƴarki ta fari,
Ramatu