Gawar da na ajiye a wurin naman kazan Baba

Litinin, 2 ga Satumba
Littafina na labarin kisan kai ya shiga bugu na uku. Ya kamata in yi murna. Na kira Baba a ƙauye sau huɗu, bai ɗaga ba.

Laraba, 4 ga Satumba
Maƙwabciyarsa Vaike ce ta fasa mini ƙwan. Wai motoci tara ta ƙirga a bakin daji ran Lahadi, 'yan birnin Tartu da kwandunan tsinkar naman kaza, wato laimar kwaɗin da ake ci, kowa da littafina a hannu. "Ke Leelo, duk faɗin daji ki rasa inda za ki jefar da gawar cikin littafinki sai wurin naman kazan ubanki?"

Shekara arba'in Baba yana ɓoye wurin nan. Ko Inna ta rasu ba ta san shi ba. Ni kaɗai ya kai, bara, ni kuma na zayyana hanyar tiryan-tiryan a babi na shida: gadar katako, dutsen da ya tsage, taku ɗari biyu hagu. Ciwon 'yan jarida ne, ba ma iya ƙaryar hanya. Kunya kamar in nutse.

Alhamis
Na kasa zama. Na goge kicin sau biyu.

Asabar, 7 ga Satumba
Na je. Yana faskare, ko ɗagowa bai yi ba. Na ce, "Baba, labari ne fa kawai." Ya ce, "Mamacin ne labari. Dutsen nawa ne." Masu kwandunan sun tattake wurin, har gansakuka sun kwashe. Burodin da na kai masa yana kan benci na taho.

Talata, 10 ga Satumba
Editan jaridarmu, Tarmo, na ta dariya: "Rubuta mana shafi guda a kai mana, za a karanta!" Har na fara. Sakin layi biyu, kuma sun yi kyau, abin haushin ke nan. Shekarun Baba tamanin da ɗaya. Kaka nawa ta rage mana da zan tsaya ina gyara jimla?

Lahadi, 22 ga Satumba
Baba da kansa ya kira. "Kina da takalmin roba?" Shi ke nan.

Mun yi tafiyar awa guda, ta wani ɓangaren dajin da ban sani ba. Kwando biyu muka cika da naman kaza. A hanyar dawowa ya tsaya ya dube ni. "To, marubuciya, ta ina muka bi?"

Na ce ban lura ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini wuƙarsa in riƙe.

Na lura sarai. Ko a nan ba zan rubuta ba.