A Sauke Fuskata Daga Bangon Otel

Zuwa ga Madam mai galerin zane-zane da ke kan hanyar tashar jirgin ruwa, Garwa.

Ranki ya daɗe, ina gaishe ki, ina gaida iyali da ma'aikata. Sunana Alhaji Ɗanjuma, dillalin shanu a kara, wato kasuwar shanun Garwa, gidana yana Pumpumre. Kakana ne ya zo daga Kano, ni a nan aka yanke cibiyata, a nan nake biyan haraji, katin jam'iyya kuma yana aljihuna. Na sa an rubuta wannan takarda a liƙa a ƙofar shagonki kowa ya karanta, domin a zamanin nan abin da aka yi a ɓoye shi ake tambayar mutum a komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Akawunki yana jin Hausa, zai fassara miki.

Na farko. Da kakar bara wani mai zane mutumin kudu ya riƙa zuwa kara yana zama gindin tsamiya da allonsa. Mun ɗauka shanu yake ƙirgawa saboda jangali, har Fulani suka fara janye dabbobinsu. Da muka gane zane yake yi sai muka saki jiki, har shayi muka ba shi. Bai tambayi kowa ko yana so a zana shi ba. Ashe ni ya zana, da jar darata da wushiryata, makaho ma ya shafa ya san ni ne. Bakina yana kunnen Malam Buba, wani mai shanu daga Pitowa, hannuwanmu suna ƙarƙashin rigata. Madam, haka ake ciniki a kara tun kaka da kakanni. Dillali yakan raɗa wa mai dabba kuɗin da aka taya, su ƙulla da yatsu a ɓoye don kada mai saye ya ji. Kowane mahauci ya san wannan, amma wanda bai taɓa taka kashin shanu ba me zai gani? Mutum biyu suna ƙulla wata maƙarƙashiya.

Na biyu. Bayan babbar salla jandarmomi suka zo kara suka tafi da Malam Buba, har yau babu labarinsa. Ban san laifinsa ba, ban tambaya ba, hukuma ta san aikinta. Abin da na sani shi ne an kira waɗanda aka saba gani tare da shi, wanda ya dawo a cikinsu kuwa ya daina zama majalisa, ko gaisuwa da ka yake amsawa.

Na uku. Ana cikin haka na biyo ta gaban shagonki na hangi zanen nan ta gilashi, an kafa shi don sayarwa. Ni da ban taɓa rataya hoto a ɗakina ba in ba na Shugaban Ƙasa ba, na sayar da bijimin da na yi shekara ina turkewa, na kawo miki kuɗin ko tayi ban yi ba. Abu ɗaya na tambaya, ko akwai irinsa a wani wuri. Kika nuna mini sa hannun mai zanen, kika dafa ƙirji, kika sa akawu ya gaya mini wannan shi ake kira orijinal, babu na biyunsa a duniya. Alkawarin nan na saya, Madam, ba fenti ba. Na kai zanen bayan gidana na cinna masa wuta, matata tana kuka tana cewa ba a taɓa jin wanda ya ƙona fuskarsa da hannunsa ba. Ranar na ci tuwo na ƙoshi.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Iliya mahauci, mai kai nama babban otel, ya ja ni gefe ya ce ya gan ni a bango, ni da mutumin. Na bi shi ta ƙofar masu dafa abinci na leƙa. Innalillahi! Ga ni nan, bakina a kunnen Malam Buba, daidai saman teburin da manyan hukuma suke cin abinci. Na yi ta zarya shagonki ana cewa kin tafi Yawunde. Daga ƙarshe akawu ya ce ai wancan ma orijinal ne, tunda da hannu aka zana shi, kuma saniyar da ke cikinsa ja ce, tawa fara. Haba Madam! Launin saniya ne ya sa na rabu da bijimina? Ni in na sayar wa mutum sa, na miƙa masa igiya, ba na zagayawa in sayar wa wani shi.

Wallahi tsoro nake ji, ba na jin kunyar faɗi. In mota ta tsaya bakin kara sai in laɓe bayan shanu. Fulanin da suka saba kawo mini shanu sun fara wuce ni suna kai wa wasu. Na riga na gaya wa ƙanena wanda zai riƙe kowane yaro in an wayi gari ba na nan. Kullum wani babba yana ɗaga kai daga farantinsa, ranar da ya tambayi ko wane ne mai jar dara, tawa ta ƙare.

Saboda haka ina roƙonki ki sa a sauke zanen nan daga otel, yau ba gobe ba. Ki gaya mini gaskiya ko akwai na uku, da gidan da yake. Ki sa mai zanen ya shaida a rubuce cewa cinikin saniya ya gani. Ba na neman a mayar mini da ko dala.

Sai roƙo na ƙarshe. Shekaranjiya matar Malam Buba ta zo daga Pitowa da goyo, wai ta ji an ce akwai hoton mijinta a wurina. Bai taɓa ɗaukar foto ba sai na katin shaida, katin kuwa yana jikinsa aka tafi da shi, kuma yaran sun fara mance kamanninsa. Na ce mata babu, ban bari ta wuce zaure ba, ruwa ma a tsaye ta sha. Idan an sauke zanen, don Allah kada a ƙona. Mai zanen ya shafe ni, ya sa saniya ko kututture a inda nake, ya bar Malam Buba yadda yake, a aika mata. Ni ba zan iya kai mata ba.

Allah ya sa albarka a kasuwarki, ya tsare ki daga irin ranar da nake gudu, ya ja zamanin Shugaban Ƙasa, ya zaunar da Kamaru lafiya.

Wassalam.

Alhaji Ɗanjuma dillali,
Pumpumre, Garwa.