Ƙwan Maleo a Bayan Rumfata

Ibu Rosmini, ki taimake ni, amma ga kacici-kacici tukuna, ke da masu karanta filinki. Uwa ta binne ɗanta da rai, ta kaɗe ƙafa ta tafi ba waiwaye, ba kuma wanda ya kira ta azzaluma. Ɗan ya tono kansa, ranar da ya ga duniya ranar ya tashi sama. Wa ya yi renonsa? Ki riƙe amsar, in gama kukana.

Ni tsohuwa ce a wani ƙauyen bakin teku a gabashin Sulawesi. Karatuna bai yi nisa ba, in kin ga harafi ya karkace ki miƙe shi. Da ƙwan maleo aka raine mu. Kin dai san tsuntsun, baƙi mai jan ƙirji, da ƙulu a ka kamar wanda matarsa ta ƙwala wa ludayi. Miji da mata su sauko daga daji, su tona rami a yashi, ta saka ƙwai guda ƙato, su rufe su koma, mu kuma mu bi baya mu tone. Ina yarinya, in suka sauko har bakin teku yakan yi baƙi. Muka ci, muka sayar, aka sare daji, sai ga jikokina ba su san maleo ba sai a hoto.

Daga baya dattawan gari suka zauna da masu kula da namun daji, aka ɗau alkawari an daina tono. Aka kewaye wurin, samari suna gadi. Ni kam na yi tsiya, na ce gadin yashi aikin wanda ya rasa aikin yi ne. Yau na haɗiye maganata da ruwan kwakwa. Tsuntsayen sun dawo, Ibu! Ranar da na sake jin kukansu ina gasa kifi, sai da kifin ya ƙone ina tsaye ina hawaye. Kamar uwata ce ta kira ni mu tafi yashi. Na gode wa Allah, na gode wa yaran nan, sai dai ba na faɗa musu a ido, kada kansu ya kumbura.

To ga inda gizo ke saƙa. A zuriyarmu in yarinya za ta yi aure, kakarta ke naɗe ƙwan maleo a ganye ta miƙa wa kakar ango hannu da hannu, shaidar cewa yarinya tana da tushe, ba igiyar ruwa ce ta kawo ta ba. Kakata ta kai nawa, uwata ta kai na 'ya'yana. Yanzu abin ya zo kaina. Jikata Nurlina, wadda na goya tun rasuwar uwarta, za ta yi aure bayan girbin kanumfari. Wane ne angon? Arpan, shugaban masu gadin yashin! Kakarsa kuwa Saripa ce, abokiyar tsokanata tun muna wanka tsirara a bakin ruwa. Ko a kasuwa muka haɗu sai ta ɗaga murya wai ta wanke hannu tana jira, ko kuwa ƙwan agwagwa zan hura wa iska in kawo mata. Ni ma nakan rama, in ce mai haƙori biyu me za ta yi da ƙwai in ba kallo ba. Wasa ne, amma da ƙaya a cikinsa.

Makon jiya sai ga maleo biyu a bayan rumfar da nake busar da kwakwa, can nesa da shinge. Ina leƙe ta tsakanin gora suka tona, ta saka, suka rufe. Ba wanda ya gani sai ni da akuyata, ita kuma ba ta da surutu. Alkawarin gari wurin da aka kewaye ya ambata, bai ambaci bayan rumfata ba. Wata zuciyar ta ce, tsohuwa, Allah ne ya aiko miki har gida, ki fita kunya. Wata ta ce baƙon da ya dawo bayan dogon fushi ba a tarbarsa da tukunya. Na kifa kwando a wurin na danne da dutse saboda guza da karnuka, kullum in je in zauna kusa kamar mai jinya.

In na tone Arpan ya ji, da wane ido zan dube shi, kuma yarinyata ta shiga gidan da abin gori. In ban kai ba, a hannuna al'adar ta tsinke, marainiya ta tafi kamar ba ta da kowa. Ki yi sauri da amsa, don hannuna bai manta tono ba.

Kaka Mai Ƙaiƙayin Hannu

*

Kaka, ina gaisuwa. Harafinki ko ɗaya bai karkace ba.

Damuwarki ba ƙarama ba ce. So kike a san Nurlina tana da mai tsaya mata, kuma wannan haƙƙinta ne. Sai dai maganar shinge ba za ta fisshe ki ba. Tsuntsuwa ba ta san shinge ba, doka ma ba ta tsaya a bakinsa ba. Ke ma kin sani, ba don haka ba da tuni kin tone, ba ki tsaya gadi da kwando ba.

Ki kira Arpan yau. Kwando ba ya hana guza mai naci, kuma in ɗan tsakon ya fito ba kya kusa, dutsen nan naki zai tsare shi. Masu gadi sun san ko a kewaye wurin, ko a ɗauke ƙwan zuwa inda suke adana irinsa.

Amma kafin ya iso, ki kamo hannun Saripa da na Nurlina ki kai su bayan rumfar. Ki yanko ganyen da za ki naɗe ƙwan da shi, ki ɗaura a sanda ki kafa a gefen ramin, ki ce wa Saripa ga ƙwanta nan kin miƙa. Na gabanki sun kai shi a ganye, ke kin kai shi da ransa. In ta ce sai ta riƙe a hannu, ki tura ta ta nemi izinin jikanta, mu ga ko bakin zai buɗe.

Ba zan rantse miki ƙwan zai ƙyanƙyashe ba, wannan na Allah ne. Amma yarinyar da maleo ya sauka a bayan rumfar kakarta gab da aurenta, ba mai tambayar tushenta. Godiyar nan da kike ɓoye wa samari kuma, ki faɗa wa Arpan ko sau ɗaya, kansa ba zai fashe ba.

Allah ya sa albarka a auren, ya ba ki tsawon rai ki goya 'ya'yan Nurlina, ya sanyaya miki hannu.

Amsar kacici-kacicinki kuwa yashi ne. Rana ta ɗumama shi, shi kuma ya ɗumama ƙwan har ɗan ya fito, muddin ba a tone ba.

Ibu Rosmini